Kano za ta hau sama, amma hawa nawa, kuma a ina?

Ana yawan yi mana gori, mu Kanawa, cewa ga garin kuɗi ga garin kasuwa, amma babu wani dogon gini na a zo a gani da za mu nuna wa baƙo. Masu gorin ba ƙarya suka yi ba. In aka ce a lissafa dogayen gine-ginen Kano, sunayen da za su zo baki su ne dai waɗanda iyayenmu suka sani: Gidan Ado Bayero da ke Ƙofar Nasarawa, wanda jami'ar Northwest ta fara zama a ciki bayan kafa ta a 2012, da tsohuwar hedikwatar Bank of the North a farkon titin Zariya, da Gidan Murtala a kan titin BUK, da ginin African Alliance a hanyar filin jirgi. Duk an gina su tun kafin a haifi yawancin samarin da ke yin wannan musu a majalisa. Ibadan kuwa ta ɗaga Cocoa House mai hawa 26 tun 1965 da kuɗin koko. A daidai lokacin nan abin da ya fi ɗaukar ido a Kano shi ne dalar gyaɗa, kowace ɗaya tana cin buhu kusan 15,000, kuma kafin shekarun 1970 su ƙare an neme su an rasa. Legas tana da ginin NECOM mai hawa 32. Alhazanmu da 'yan kasuwarmu sun ga hasumiyar agogon Makka mai mita 601, sun ga ta Dubai mai mita 828, sun dawo gida suna tambayar me ya hana mu.

Ni ra'ayina shi ne lallai Kano ta hau sama, kuma ta ma makara. Sai dai hawan da take buƙata na gidajen kwana ne masu hawa uku zuwa biyar, a kan manyan tituna, waɗanda malamin makaranta da ɗan kasuwa mai shago ɗaya za su iya kamawa. Hasumiyar gilashi mai hawa talatin ba ta cikin abin da ke damun mutumin Kurna ko na Sheka, kuma in an gina ta yau, nauyi za ta zama wa mai ita.

Dalilin da ya sa na ce mun makara a fili yake ga duk wanda ya san garin nan shekara ashirin da suka wuce. A ƙidayar 2006 ƙananan hukumomi takwas na cikin birni da kewaye, wato Birni da Fagge da Dala da Gwale da Tarauni da Nasarawa da Ungogo da Kumbotso, suna da mutum kusan miliyan 2.8. Yanzu ƙiyasi ya haura miliyan 4. Ina aka sa waɗannan mutane? An shimfiɗa su a ƙasa, gida ɗaya bayan ɗaya, kowa da katangarsa. Rijiyar Zaki ta cika ta tura mutane Janguza, Ɗorayi ta tura su Gaida da Zawaciki, Hotoro ta haɗe da Mariri, ta arewa kuma an bi Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa har an taɓo Dawanau. Mafi yawan wannan faɗaɗa awon igiya ne. Dillali ya sayi gona, ya ja igiya, ya yanka ta ƙanana ƙanana, ya bar lungun da adaidaita sahu biyu ba za su iya wuce juna ba. Ba a ware filin makaranta, ba a ware na asibiti, ba a fitar da kwata. Sai mutane sun tare, damina ta farko ta zo, sannan a fara neman inda ruwa zai bi.

Gonakin da ake yankawa kuma ba gonakin banza ba ne. Ƙasar da ke kewaye da Kano tana cikin wuraren da aka fi daɗewa ana nomawa duk shekara ba hutu a Afirka ta Yamma, kuma abin da ya riƙe ta shi ne taki. Dattawanmu sun ga jakuna na fita ƙofofin gari da mangalar taki, su dawo da itace da hatsi. Ɗaruruwan shekaru aka yi ana gyara wannan ƙasa, ga shi yanzu ana zuba mata bulo a cikin mako guda. Manomin da ya sayar ya karɓi kuɗin da ba ya wuce shekara biyu a hannunsa, ɗansa kuma ya koma ɗan dako ko mai tura ruwa a sabuwar unguwar da aka kafa a gonar ubansa. Shi ma wanda ya sayi fulotin bai huta ba. Aikinsa yana Sabon Gari ko Kwari, gidansa yana bayan gari, sai ya hau abin hawa biyu ko uku kafin ya isa, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya zama haya ta biyu da yake biya kullum.

Abin da ya canja fuskar Kano ta sama a 'yan shekarun nan gadoji ne. Gadar Ƙofar Nasarawa, ta Dangi, ta Hotoro, doguwar nan ta titin Murtala Muhammad da ta ratsa Sabon Gari, duk an yi su ne don a ɗebe cunkoson motocin da ke kwaso mutane daga nesa. Ba na raina su, sun rage wahala. Amma gada tana bin bayan matsala ne. Muddin gari yana ƙara nisa, kowace sabuwar gwamnati za ta tarar da sabon shataletalen da ya shaƙe.

To me ya hana dogon gini tun da? Wasu na cewa attajiranmu ba su da hangen nesa. Ban yarda ba. Mutumin da ya iya ɗauko kwantena daga China ya rarraba ta har Nijar da Chadi ya san lissafi, kuma lissafin ne ya hana shi. Gini mai hawa ashirin ba ya rayuwa sai da lif, lif kuma ba ya aiki sai da wutar da ba ta ɗaukewa. Ruwan famfo bai isa hawa na ƙasa ba a unguwanni da yawa, balle a tura shi sama. Kowane gini sai ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sayi injin tura ruwa, ya ajiye janareto da tankin gas, wato mai ginin ya zama hukumar ruwa da kamfanin wuta na kansa. Ga zafi. A watan Afrilu Kano tana haura digiri 40, kuma ginin da aka lulluɓe da gilashi tanda ne in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya na awa ɗaya. Ga kuma gobara, wadda mu Kanawa ba labarinta muka ji ba. Mun ga yadda wuta ta cinye kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, alhali shagunan ba su da wani tsawo. Duk wanda zai kwantar da iyali a hawa na goma sha biyar dole ya tambayi kansa tsanin da zai kai gare su.

Akwai kuma batun tabbas. Mai zuba dukiya a dogon gini yana lissafin shekara talatin ne ko arba'in, don haka yana son ya san takardar filinsa za ta rayu bayan gwamnatin da ta sa mata hannu. A watan Yunin 2023 mun ga an rushe gine-gine a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula da wasu wurare, a kan hujjar cewa filayen jama'a ne da aka sayar ba bisa ƙa'ida ba. Kanawa sun rabu biyu a kan wannan, kuma ba nan ne wurin raba gardamar ba. Abin da ya shafi maganarmu shi ne darasin da mai kuɗi ya ɗauka: abin da wata gwamnati ta bayar, wata tana iya ƙwacewa. Wanda ya ɗauki wannan darasi zai gina abin da zai mayar masa da kuɗinsa cikin shekara huɗu ko biyar.

Shi ya sa benayen da muke gani suna tashi kusan duk filaza ce. Ka shiga Kantin Kwari ka ɗaga kai. Gidajen da a da suke hawa ɗaya ko biyu yanzu sun zama uku da huɗu, shago a kan shago, matattakala siririya mai duhu, ɗan dako yana hawa da dila a ka, mai saukowa sai ya manne da bango kafin su wuce juna. Wayoyin wuta sun sarƙe a sama, ƙananan janareto suna hayaƙi a baranda kusa da tulin atamfa. Babu wurin ajiye mota, babu ƙofar tsira ta biyu, kuma hanyoyin da a da mota ke shiga an cike su da rumfuna. A daminar 2022 ruwa ya shiga kasuwar ya lalata kaya masu yawa, 'yan kasuwa da kansu suka riƙa nuna gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa. A ƙarshen watan Agustan shekarar kuma wani bene mai hawa uku da ake ginawa a titin Beirut ya rufta da mutane. Kowa a harkar gini ya san yadda irin wannan ke faruwa. An yi harsashi don hawa biyu, sai haya ta yi tsada, mai gini ya ce a ƙara ɗaya. A rage rodi, a ƙara yashi a kwaɓin kankare, a cire katakon dakin kafin ya gama bushewa saboda masu kama shago sun riga sun biya. Injiniya ya zo ranar farko ya sa hannu, sauran aikin ya koma hannun magini da mai kuɗi. Tun ran gini ran zane, in ji Bahaushe, kuma benen da ba a zana shi da tsawonsa tun daga harsashi ba, ƙarin da aka yi masa daga baya caca ce da rayukan mutane.

Wani zai ce, to ai Bahaushe ba ya son zaman bene, ko an gina ba zai shiga ba. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da ake kawowa, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Gidan Bakano ba ɗakuna kaɗai ba ne. Akwai zaure inda maigida ke karɓar baƙi ba tare da sun ga cikin gida ba. Akwai tsakar gida, inda mata ke girki da wanki da shanya da kitso da daka, inda ake shimfiɗa tabarma a kwana lokacin bazara, inda mace ke zama da ɗaurin ƙirji hankalinta kwance don ta san babu idon namiji a kanta. Irin benen da aka kwaso zanensa daga wata ƙasa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙofar falo tana buɗewa kai tsaye cikin iyali, kicin ɗin bai isa a ɗora tukunyar suna ba, babu inda za a ɗaure ragon layya. Matar da aka kai irin wannan gida an kulle ta ne a tsakanin bango huɗu, kuma tana da gaskiya in ta ƙi.

Ga kuma maƙwabci. Na san gida a cikin gari da mutanensa suka shekara da shekaru suna zamansu lafiya, sai aka sayar da gidan da ke jikinsu, wanda ya saya ya ɗora bene ya fasa tagogi biyu suna kallon tsakar gidansu. Tun daga ranar matan gidan suka koma yin komai da hijabi a cikin gidansu na kansu. Daga baya maigidan ya sayo kwano ya rufe rabin tsakar gidan, iska ta daina shiga, ɗakunan suka yi duhu har da rana. Babu wanda ya taɓa musu bulo ɗaya, amma an raba su da gidansu. Malaman Malikiyya sun daɗe da yanke hukunci cewa ba a buɗe tagar da ke leƙa gidan maƙwabci, bisa hadisin da ya hana cuta da cutarwa. Abin mamaki ne a ce garin da ya ginu a kan wannan mazhaba ba ya tsayawa a kan wannan hukunci a wajen ba da izinin gini.

Amma duk wannan matsala ce ta zane, kuma zane ana gyara shi. Gini a sama ba baƙonmu ba ne. Attajirai da sarakunan da can suna da soron bene na ƙasa da azara, Katsina tana da hasumiyar Gobarau, Agadas tana da tata ta laka mai mita 27 da ke tsaye har yau. Muna da sassan koyar da zanen gine-gine a jami'o'inmu, suna yaye ɗalibai duk shekara. A ba su aikin zana benen Bakano: hawa huɗu, wanda mutum zai iya hawa da ƙafa ko babu wuta. Shaguna a ƙasa ta fuskar titi, ƙofar masu gida daban ta gefe. Kowane sashe da 'yar tsakar gidansa a sama, buɗaɗɗiya ga iska, da bango mai tsawon da ya wuce kan mutum. Tagogin da ke gefen maƙwabta a ɗaga su sama yadda haske zai shiga ido ba zai fita ba. Zaure ɗaya babba a ƙasa don baƙi maza da ɗaurin aure da zaman makoki. Matattakala mai faɗin da za a iya sauko da makara ba tare da an karkata ta ba, domin wanda ya zauna a gida wata rana a cikinsa za a yi masa sutura. Tsofaffi a ba su hawan ƙasa. Tankin ruwa da faifan sola a kan rufi. Babu abu ɗaya a cikin waɗannan da ya fi ƙarfin maginanmu. Fulotin da yau ke ɗauke da iyali ɗaya zai ɗauki shida ko takwas, kuma bututun ruwa ɗaya da layin wuta ɗaya za su wadatar da su, maimakon a ja su kilomita goma zuwa bayan gari.

Wurin da za a yi su ma yana da muhimmanci kamar yadda za a yi su. Titin Zariya, titin Haɗeja, titin Katsina, titin Gwarzo, titin Maiduguri da titin Gidan Zu duk suna da faɗin da zai ɗauki irin wannan, kuma in mutane suka taru a kansu, manyan motocin bas za su sami fasinjan da zai riƙe su. A Bompai akwai filayen masana'antun da suka daɗe a rufe. A Nasarawa GRA ana ta yanka manyan filayen Turawa ana cusa ƙananan gidaje masu katanga, alhali nan ne ya fi dacewa da bene. In wani attajiri ko banki yana son hawa ashirin don ofisoshi, kuma zai iya ɗaukar nauyin wutarsa da ruwansa da kayan kashe gobararsa, ga wajen nan, Allah ya ba da sa'a, ba ni da ja.

Cikin ganuwa ne nake da ja, kuma mai ƙarfi. Dutsen Dala da Goron Dutse su ne tsayin Kano na asali. A gindin Dala garin ya fara, tun zamanin Barbushe. Sarki Gijimasu ya soma ganuwa wajen ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta ya gina fadar da har yau sarki ke ciki, ya kafa kasuwar Kurmi. Wanda ya hau Dala da yamma yana ganin hasumiyoyin Babban Masallaci, wanda aka sake ginawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, suna tsaye sama da rufin unguwanni, ya kuma hango Goron Dutse daga yamma. Wannan gani dukiya ce ta kowa, kuma bene guda mai hawa takwas a wurin da bai dace ba ya isa ya toshe shi har abada. Mun riga mun yi asarar mafi yawan ganuwa, an ɗebi ƙasarta an yi gini, an yanka jikinta an yi shaguna. An cike kududdufan da ke shanye ruwan sama an ɗora gidaje. Shi kansa Dala gidaje sun hau gindinsa, zaizaya tana cin gefensa. Lungunan cikin gari kuma ba za su ɗauki motar kashe gobara ba, don haka hana dogon gini a can kare rai ne kafin ya zama kare tarihi. Ya kamata a rubuta a doka cewa a cikin ganuwa ba a wuce hawa biyu, a kewayen Dala da fada da masallaci kuma a ƙara tsanantawa. Kano ta taɓa samun cikakken tsarin gari, wanda wani Bature mai tsara birane, Trevallion, ya shirya na shekarun 1963 zuwa 1983. Garin ya ninka kansa tun daga nan, kuma hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, tana buƙatar taswirar da kowa zai iya gani, wadda ta nuna hawa nawa aka yarda a kowane titi, yadda maƙwabci zai san haƙƙinsa tun kafin a sauke tifar yashi ta farko.

Saura batun da na fi ganin an yi watsi da shi, wato mallaka. Bakano yana gina gida ne da guminsa, a hankali, bulo ɗari yau, buhun siminti goma bayan wata uku, shi ya sa za ka ga rodi tsirara a saman dakin gidaje da yawa yana jiran ranar da Allah zai hore. Bene mai hawa huɗu ba ya ginuwa haka, sai da kuɗi a dunƙule, mutanenmu kuma suna gudun bashin ruwa, da gaskiyarsu. Yanzu akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz ya fara aiki tun 2012 kuma wasu sun biyo baya, don haka hanyar ta samu in an so a bi ta. Sai dai banki ba zai ba da kuɗi ba sai da takarda, mutum kuma ba zai sayi hawa na uku ba sai ya tabbata zai iya sayar da shi, ya jinginar da shi, 'ya'yansa su gaje shi.

A duba abin da ke faruwa da gidajen gado. Uba ya rasu ya bar gida a Fagge ko Gyaɗi-Gyaɗi da magada goma. Gidan ba zai rabu goma ba, sai a sayar. Mai filaza ya saya, magada su karɓi abin da bai isa fuloti a kusa ba, su watse, wannan Rimin Kebe, wancan Gunduwawa, zumuncin da aka yi shekara hamsin ana ginawa ya koma gaisuwar waya. Da akwai dokar da ta ba kowane sashe na bene takardar mallakarsa, ta fayyace wa ke gyaran rufi, wa ke biyan kuɗin injin ruwa, me za a yi wa wanda ya ƙi biya, da magadan nan sun iya haɗa kai da mai jari: su ba da fili, ya gina hawa huɗu, ya ɗauki shagunan ƙasa da sashe biyu, su raba sauran su ci gaba da zama a unguwar da aka binne cibiyarsu. Rubuta wannan doka aikin Majalisar Dokokin Jiha ne, tare da malaman da suka san rabon gado da ma'aikatar ƙasa, kuma ba ya cin ko kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin gada guda.